Badukun da Ya Sa Hannu a Takardun Kafa Amurka Guda Huɗu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarku mai albarka domin mu yi magana a kan wani mutum da ya rasu fiye da shekara 230 da suka wuce, a ƙasar da ba tamu ba, amma sana'arsa tamu ce. Sunansa Roger Sherman. Duk lokacin da zaɓe ya gabato a nan Kumasi, daga Aboabo zuwa Asawase da Sabon Zango, ana nuna wa mai ɗinkin takalmi cewa rabonsa a siyasa shi ne cika filin taro da kaɗa ƙuri'a, majalisa kuwa ta lauyoyi ce da masu digiri. In kuma aka tashi ƙarfafa wa yaro gwiwa sai a ce masa ai a Amurka an yi shumekan da ya zama sanata, a tsaya nan, kamar da dare ɗaya aka ɗauke shi daga kan benci aka dire a majalisa. Wannan gajeren labari yana cutar da yaranmu, domin yana ɓoye musu matakan da mutumin ya taka, kuma matakan su ne abin koyi.

An haifi Sherman ran 19 ga Afrilu 1721 a garin Newton na yankin Masacusets, lokacin Amurka tana ƙarƙashin Ingila. Yana ɗan shekara biyu iyayensa suka koma Stoughton. Mahaifinsa William manomi ne kuma mai ɗinkin takalmi, a hannunsa ya koyi aikin. Karatunsa na makaranta bai wuce na ƙauye ba. Abin da ya taimake shi shi ne limamin cocin garin, Samuel Dunbar, wanda ya yi karatu a Harvard, ya buɗe masa ɗakin littattafansa. Ana ba da labarin cewa yakan buɗe littafi a gabansa yana ɗinki yana dubawa.

Sai a fahimci irin aikin da ake nufi, domin takalmin wancan zamani babu gam a cikinsa, babu roba, babu keken ɗinki. Komai daga fata yake farawa. Majemi zai wanke ɗanyar fatar sa, ya jiƙa ta makonni a ruwan ƙonannen farin dutse, wanda yake yin aikin da toka ke yi a majemarmu, har gashi ya saki. Ya karce gashin, ya juya ta ya kankare sauran nama. Fatar da za a yi saman takalmi da ita sai a tsoma ta a ruwan kashin kaji ko na tattabara don ta yi laushi, abin da majeman Hausa suka sani tun kaka da kakanni. Daga nan sai rami: a shimfiɗa fata, a barbaɗa niƙaƙƙen ɓawon itacen ok, a ɗora wata fatar, a sake barbaɗawa, har rami ya cika, a zuba ruwa. A nan ne bambanci yake da namu. Fatar akuya a ruwan bagaruwa kwanaki kaɗan take yi. Ƙirgin sa mai kauri da za a yi tafin takalmi da shi kuwa sai ya shekara a rami, wani lokaci shekara da rabi, ana sauya masa ɓawo. Majemin da ya ƙosa ya ga kuɗinsa zai fitar da shi da wuri. Daga waje ba a ganewa. Sai an yanka gefensa da wuƙa a duba tsakiya: in aka ga wani farin layi a ciki, ruwan jima bai ratsa ba, kuma wannan tafin zai sha ruwa ya kumbura da damina, ya bushe ya tsage da rani. Saboda irin wannan ha'inci ne hukumar Masacusets tun 1642 ta yi dokar fata, ta raba aikin mahauci da na majemi da na mai ɗinki, ta naɗa masu duba fata suna buga mata hatimi kafin a sayar.

Ƙirgi ɗaya ma ba daidai yake ko'ina ba. Gadon baya da kuturi su ne masu ƙarfi da tsauri, nan ake yanko tafi. Kafaɗa ta fi dacewa da shimfiɗar ciki. Fatar ciki sako-sako ce, tana miƙewa, kuma ita ce mai araha. Mai son cuta zai yanko tafi daga ciki, ya daka shi da guduma ya shafe shi da baƙi, ya sayar da kuɗin gadon baya. Wanda bai taɓa riƙe wuƙar duku ba ba zai gane ba sai takalmin ya yi wata guda a ƙafa.

Ɗinkin kansa yana da jeri. A auna ƙafa da sandar awo, wadda kowace lamba a jikinta sulusin inci ce. A zaɓi ƙafar katako, wadda masu sana'a a nan ke kira las. A zamanin Sherman yawancin takalma babu hagu babu dama, las ɗaya ake yi wa ƙafa biyu, mai takalmi ya riƙa musanyawa don kada gefe ɗaya ya cinye. A yanka fuska ɗaya da gefuna biyu na baya, a haɗa su da ɗinki. A kafa shimfiɗar ciki a ƙasan las da ƙananan ƙusoshi, a jawo sama da awartaki ta kama las sosai. Sai a ɗinka siririn tsirin fata kewaye, ya haɗa sama da shimfiɗar ciki, a kan wannan tsirin ne za a ɗinka tafi. Amfaninsa shi ne in tafi ya cinye a warware shi a sa sabo ba tare da an taɓa saman takalmi ba. Tafin kuwa sai an jiƙa shi, an bar shi ya sha iska, an ɗora shi a kan dutse bisa cinya an daka har ƙwayoyin fatar su matse. Dunduniya ɓalli-ɓalli ake jera ta a kafe da turakun itace. Zaren lilin ake murzawa da hannu, a goge shi da haɗin ƙaro da danƙon itace da kitse. Ba allura ake sa masa ba, gashin gadon bayan alade ake ɗaura wa bakinsa biyu saboda yana lanƙwasa ya bi hujin basilla mai baka. Kowane huji zare biyu ke ratsa shi, ɗaya daga dama ɗaya daga hagu, a ja da ƙarfi har danƙon ya narke ya toshe hujin. In danƙo ya yi kaɗan ruwa zai bi zare ya ruɓar da shi. In basilla ta fi zare kauri ɗinki zai yi lako-lako. In huji ya yi kusa da juna fata za ta yage kamar takardar rasit. Ƙwararre yakan gama kamar ƙafa biyu, wato takalmin mutum ɗaya, a yini.

Mun tsaya a nan da gangan. Mutumin da ya yi shekaru yana wannan aiki ya riga ya koyi cewa kuskure ƙarami a farko yana fitowa da girma a ƙarshe, kuma ya iya ƙiyasta kuɗin abu tun daga ɗanyen kayansa. Wannan ne jarin da Sherman ya tafi da shi duk inda ya je.

Mahaifinsa ya rasu a 1741, nauyin uwa da ƙanne ya dawo kansa. A 1743 suka bi yayansa William zuwa New Milford a yankin Konetikat, gari sabo da ake ta saran daji ana raba filaye. Ya lura cewa abin da garin yake nema ruwa a jallo shi ne mai awon ƙasa, ga shi kuma ya riga ya koya wa kansa lissafi. A 1745, yana ɗan shekara 24, aka naɗa shi safiyon gundumar New Haven.

Kayan aikin safiyo a lokacin biyu ne: kamfas da sarƙa. Sarƙar tsawonta ƙafa 66 ne, gaɓoɓinta 100. Sarƙa 80 mil ɗaya ke nan. Fili mai faɗin sarƙa ɗaya da tsawon sarƙa goma shi ne eka ɗaya, wato murabba'in ƙafa 43,560. Lissafin da sauƙi a takarda, a daji ne ake gane gwani. Zobban sarƙa suna cinyewa da ja, sarƙa ta ƙara tsawo ba a sani ba. In ta ƙaru da inci ɗaya kacal, a mil ɗaya an yi kuskuren inci 80, fiye da ƙafa shida da rabi. A kan gangare dole a ɗaga sarƙa ta miƙe daidai, in aka kwantar da ita bisa tudu fili zai fito a takarda ya fi yadda yake. Mafi haɗari shi ne kamfas, domin arewar da allurarsa ke nunawa ba ita ce arewa ta gaskiya ba, kuma tana gusawa da shekaru. Kuskuren digiri ɗaya a tsawon mil ɗaya yana kauce wa layi da ƙafa 92. Duk wanda ya san rigimar fuloti a wajen Kumasi ya san ƙafa 92 kusan gefen fuloti guda ne, kuma a kan abin da bai kai haka ba 'yan'uwa suna shekaru a kotu ko a fadar sarki. Safiyon da awonsa ba ya tashi a gaban alƙali, mutane suna riƙe sunansa. Ta nan Sherman ya san kowane manomi da iyakar gonarsa, ya koyi karanta takardun mallaka, ya kuma sami kuɗin da ya sayi filaye na kansa. Daga 1750 zuwa 1761 yana buga kalandar shekara-shekara mai ɗauke da fitowar rana da faɗuwarta, tsayuwar wata da husufi, duk da hisabinsa. Malamanmu masu ilmin hisabi sun san wannan ba aikin malalaci ba ne.

Shi da yayansa sun buɗe kanti a New Milford, a can ya haɗu da matsalar da ta bi shi har ƙarshen rayuwa, wato kuɗin takarda. Yankuna da dama suna buga nasu, kuma maƙwabciyarsu Rhode Island ta fi kowa bugawa ba ƙaƙƙautawa. Takardunta suna yawo a Konetikat suna zubewa. Mai kanti a ƙauye bashi yake bayarwa har kaka. A ce ya ba da kayan fam 100, kafin a biya shi kuɗin ya rasa rubu'in darajarsa: lamba ta cika a littafi, amma in ya je sari kayan fam 75 zai ɗauko. A 1752 Sherman ya buga ɗan littafi yana bayyana cewa tilasta wa mutum karɓar irin wannan kuɗi zalunci ne, daidai da tauye mudu. Mutanen Gana ba sa bukatar a fassara musu wannan. A 2007 aka mayar da tsohon sidi 10,000 ya zama sabon sidi ɗaya, a Disambar 2022 kuma hauhawar farashi ta kai kashi 54 cikin ɗari. Mai takalmin da ya ba 'yan kasuwar Kejetiya kaya bashi a farkon 2022, ya karɓi kuɗinsa bayan wata uku, ya san abin da ya tarar a wurin masu sayar da fata da gam.

Awon ƙasa da bin bashi su suka kai shi ga littattafan shari'a. Ya karanta da kansa, a 1754 aka karɓe shi lauya. A 1755 mutanen New Milford suka tura shi majalisar Konetikat, aka kuma ba shi alƙalancin ƙananan ƙararraki. Matarsa ta fari Elizabeth Hartwell ta rasu a 1760, shekara ta gaba ya koma New Haven ya buɗe kanti kusa da kwalejin Yale. Mutumin da bai taɓa zama a ajin kwaleji ba, shi aka damƙa wa ma'ajin Yale daga 1765 zuwa 1776. A 1766 ya shiga majalisar sama ta yankin, ya kuma zama alƙalin babbar kotu, kujerar da ya riƙe shekara 23. Sai a 1774, shekara 31 bayan ya iso New Milford da kayan dukancinsa, aka tura shi Filadelfiya taron wakilan yankuna da suka tsaya wa Ingila.

Shi kaɗai ne ya sa hannu a manyan takardu huɗu na kafuwar ƙasar: yarjejeniyar ƙaurace wa kayan Ingila ta 1774, sanarwar 'yancin kai ta 1776, dokar haɗin gwiwar jihohi ta farko, da tsarin mulkin 1787. Yana cikin mutum biyar da aka ɗora wa tsara sanarwar 'yancin kai, tare da Jefferson da Adams da Franklin da Livingston. Bai iya magana mai daɗi ba. John Adams ya rubuta a littafinsa na yau da kullum cewa tsayuwarsa da motsin hannunsa babu fasali, kuma William Pierce na Jojiya, wanda ya zauna da shi a 1787, ya faɗi haka, ya ƙara da cewa ba wanda ya fi shi tsabtar zuciya da kaifin tunani. Inda ya yi fice shi ne kwamitoci, wurin da ake zama da takardun kuɗi da na kayan soja tun safe.

Takalmi kuwa ba ƙaramin al'amari ba ne a yaƙin 'yancin kai da aka yi da Ingila. A Nuwambar 1777 Janar Washinton, shugaban sojojin Amurka, ya sa ladan dala goma ga duk wanda ya kawo hanya mafi kyau ta yin abin sawa a ƙafa da ɗanyar fata. Ran 23 ga Disamba, daga sansanin Valley Forge, ya rubuta wa majalisar wakilan yankunan cewa sojoji 2,898 ba za su iya fita aiki ba saboda ba takalmi ba sutura. Dalilin a fili yake ga mai sana'a. Soja yana yanka shanu kullum, fata tana nan jibge, amma tsakanin ɗanyar fata da tafin takalmi akwai shekara guda a rami, kuma yaƙi ba ya jiran majemi. 'Yan kwangila suka cika sansani da takalman da aka yi da fatar da ba ta jemu ba. Ana ba da labarin cewa wata rana a kwamitin binciken kuɗin soja Sherman ya duba takardar wani ɗan kwangila, ya lissafa kuɗin fata da na zare da ladan ɗinki, ya nuna yawan abin da aka ɗora wa gwamnati. Da aka tambaye shi yadda ya sani, ya ce sana'arsa ce. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A wannan yaƙin kuma ya ga abin da ya rubuta a 1752 ya faru a ƙasa baki ɗaya: majalisa ta buga takardun dala sama da miliyan 200, a Maris 1780 ta amince cewa dala 40 ta takarda ita ce dala ɗaya ta azurfa, kafin ƙarshen 1781 ba mai karɓarsu.

A taron tsarin mulki na 1787 yana da shekara 66, Franklin kaɗai ya girme shi. Abin da ya kusa wargaza taron shi ne rabon kujeru. Bajiniya tana da mutane sama da dubu 700, Delaware ba ta kai dubu 60 ba. Manya suna son kujeru bisa yawan jama'a, ƙanana suna son kowace jiha ƙuri'a ɗaya. Ran 11 ga Yuni Sherman ya kawo shawarar a raba: majalisar wakilai bisa yawan mutane, majalisar dattawa kowace jiha daidai. Aka kayar da shi da jiha shida a kan biyar. Ran 2 ga Yuli aka yi kunnen doki. Ran 16 ga Yuli shawarar ta wuce da biyar a kan huɗu, wakilan Masacusets sun rabu biyu. Har yau haka majalisar Amurka take, kowace jiha sanata biyu. A ƙarshen Agusta kuma shi da James Wilson suka sa aka haramta wa jihohi buga kuɗin takarda kwata-kwata.

Ba za mu ɓoye aibinsa ba, domin yabon da ba ya faɗin aibi ba ya amfanar mai koyo. Da aka zo batun wa zai zaɓi 'yan majalisar wakilai, Sherman ya ce a bar wa majalisun jihohi, talakawa ba su da cikakken labari kuma ana saurin ruɗinsu. Daga bakin ɗan talaka wannan magana ta fito, kuma alhamdu lillahi an kayar da ita. Na biyun ya fi nauyi, kuma ya shafe mu kai tsaye. Ya ce ba ya son cinikin bayi. A gyaran dokokin Konetikat da ya yi tare da Richard Law, an sa dokar 1784 wadda ta ce 'ya'yan bayi da aka haifa daga Maris na wannan shekara za su 'yantu in sun kai shekara 25. Amma da Karolina ta Kudu da Jojiya suka ce za su fice in aka hana su shigo da bayi, ya ce gara a ƙyale su da a rabu da su, kuma Konetikat ta kaɗa ƙuri'ar barin ƙofar a buɗe har 1808. A 'yan shekarun ƙarshe na wannan wa'adi kaɗai an sauke mutane kusan dubu 40 a tashar Charleston. Jiragen Rhode Island, masu kuɗin takardar da ya yi ta kuka da su, a gaɓar tekunmu suke tsayawa, musamman Anomabo, suna ba da barasa suna ɗibar mutane. Mutumin da ya ga zalunci a tauye wa mai kanti rubu'in kuɗinsa ya yarda a ci gaba da sayar da ɗan Adam shekara ashirin don a sami sulhu. Ɗan Gana da ya taɓa shiga kurkukun ƙarƙashin ƙasa a Cape Coast ba zai karanta wannan ya wuce ba.

A 1784 ya zama magajin garin New Haven na farko. A 1789 ya shiga sabuwar majalisar wakilai mai kujeru 65, Konetikat tana da biyar. Shi ya dage cewa gyare-gyaren tsarin mulki a jera su a ƙarshe, kada a farke asalin rubutun a cusa su ciki, kuma haka ake yi har yanzu. A 1791 ya koma majalisar dattawa, ya rasu yana kan kujerar ran 23 ga Yuli 1793. Matansa biyu sun haifa masa 'ya'ya 15, uku daga cikin mazan sun yi yaƙin 'yancin kai.

Akwai wata doka ta wannan majalisa ta farko da muke so masu sana'armu su duba da kyau, dokar kuɗin fito da aka sa wa hannu ran 4 ga Yuli 1789. Ta ɗora santi 50 a kan kowane takalmin but da aka shigo da shi, santi 7 a kan takalmin fata na yau da kullum, ɗanyar fata kuwa ta shigo kyauta. Wanda ya tsara wannan ya san sana'a: a sauƙaƙa wa majemi kayan aikinsa, a tsaurara wa takalmin da aka gama a waje. A nan Kumasi lamarin a juye yake. Garin da ya yi suna da takalmi tun daga ahenema na sarakuna har masana'antar takalmi da aka kafa zamanin Nkrumah, yau mafi yawan fatar shanun da ake yankawa a cikinsa babbake ta ake yi a ci, abin da ake kira wele a nan, ganda a Najeriya. Mahauci ba shi da laifi, mai wele yana biya nan take, majemi kuwa sai ya jira. Mai ɗinki ya koma sayen fatar waje da ta roba da gam da tafi, duk da farashin dala, sannan ya fita kasuwa ya yi gogayya da gwanjon takalma da sababbi masu araha daga Sin. Wannan matsala ta doka ce da kuɗin fito, kuma ba za ta gyaru ba sai a ɗakin da ake yanke hukunci akwai wanda ya san murabba'in ƙafa nawa na fata ke shiga takalmin namiji ɗaya. Amsar ita ce biyu zuwa uku, gwargwadon samfuri da yadda mai yanka ya iya jera fatunsa.

Ƙofar ba a rufe take ba. Sashe na 94 na tsarin mulkin 1992 yana neman ɗan takarar majalisa ya zama ɗan ƙasa, mai shekara 21, mai rajistar zaɓe, mazaunin mazaɓar ko ɗan asalinta, wanda ya biya harajinsa. Bai ambaci digiri ba. Dokokin zaman majalisa sun daɗe da ba wakili damar magana da Hausa in akwai tafinta. Majalisar tuntuɓa da ta tsara wannan tsarin mulki a 1991 da 1992 ma akwai wakilan mahauta da direbobi da masu gyaran gashi da manoma da masunta a cikinta, ƙungiyar lauyoyi ce ta ƙaurace, aka yi ta yi wa taron dariya, ga shi takardar da suka fitar ta fi duk waɗanda suka gabace ta daɗewa. Ƙasa da majalisar Akara kuma akwai kwamitin unguwa da kujerar asambuli, waɗanda ake takararsu ba da tutar jam'iyya ba. Su ne daidai da ƙananan kujerun da Sherman ya fara da su a New Milford.

Kiranmu ga iyayen gida masu yara a shago shi ne kada a yaye yaro da ɗinki kaɗai. Kafin a yi masa bikin sallama, ya iya ɗaukar takalmi ɗaya ya rubuta kuɗinsa a takarda: fata murabba'i nawa, shafi na ciki, tafi, gam, zare, ƙusa, ɓarnar yanka, wuta, hayar shago, ladan hannu, sannan riba. Ya iya sake lissafin in dala ta motsa. Ya san bambancin kuɗin da ya shigo da kuɗin da ya zama nasa, domin nan ne yawancin sababbin shaguna ke mutuwa a shekarar farko: yaro ya ga ciniki ya ɗauka riba ce, ya ci uwar kuɗi. Ya iya karanta takardar haya da takardar fili da rasit ɗin haraji da kansa. A bar shi ya je makarantar dare ko da aikin yamma zai ragu. Kuma ƙungiyoyin sana'a su riƙa ba matasa riƙon littafin kuɗi da rubuta bayanin taro, a bincike su a gaban kowa duk wata uku, domin a nan jama'a ke gane wanda lissafinsa ba ya tashi.

Ga jaridarku kuma muna da roƙo ɗaya. Ku tura wakili mayankar Kumasi ya tambayi fatu nawa ake fitarwa a mako, nawa ke zuwa wurin masu babbaka, nawa ke isa hannun majema, da farashin kowanne. Ya zaga wurin masu sayar da kayan takalmi ya rubuta daga ina kowane abu yake zuwa da abin da ake biya a tashar Tema kafin ya iso. Ku buga alƙaluman da Hausa kafin zaɓe mai zuwa, don masu sana'a su sami abin riƙewa a hannu ranar da 'yan takara za su zo zango neman ƙuri'a.

Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka. Wassalam.

Daga wasu dukawa da masu ɗinkin takalmi,
Aboabo, Kumasi.